Randar Bilkisu a Ɗaki Mai Taya

Duk Sabon Garin Wudil an san Malam Labaran kafinta, ba don ƙofofin da yake haɗawa ba, sai don ɗakin nan nasa mai taya. 'Yan kwangilar hanya ne suka tashi suka bar shi, shi kuwa ya sa aka jawo masa ƙofar gida, ya mai da shi shago. Jikin ɗakin na faiba ne, irin robar nan mai tauri, rana ta koɗar da shi. Labaran ya bi shi da sanfefa, ya shafe da mai har yana ƙyalli. Wannan kam ya iya.

Daɓen katakon ne ya gagare shi. Duk shekara sai kusurwa ɗaya ta ruɓe, ta yi laushi kamar burodin da ya sha shayi. Ya ɓamɓare, ya sa sabo, ya hau rufi yana liƙe-liƙe yana ɗora wa damina laifi. Abokan hira me za su yi in ba dariya ba? "Kafinta guda, ɗakinsa na cinye katako." Har masu kawo aiki suka fara wucewa gaba.

Alhali mutumin naku ya san ba damina ba ce. A kusurwar nan akwai randa, wadda marigayiya matarsa Bilkisu ta girka da hannunta don ya riƙa shan ruwan sanyi. Randa kuwa ai sai da tsattsafo. Tun rasuwarta bai yarda an sauya mata wuri ba, kuma kunya ta hana shi faɗa.

Ran nan 'yarsa Radiyya ta zo daga gidanta, tana shiga ƙafarta ta burma. Ta duƙa, ta ga damshin daga gindin randa yake.

"Baba, ai wannan ce. A fitar da ita waje mana, kafin aikin ma ya guje ka."

"A nan innarki ta ajiye ta," in ji shi, idonsa na kan guduma.

Radiyya ta miƙe, ta bar randar inda take.

Washegari Labaran ya ɗauko zarto ya yanke kusurwar, ya jera bulo tun daga ƙasa, ya zuba yashin kogi, ya mai da randa daidai inda take. Yanzu tsattsafon ƙasa yake bi.

Abokai suka leƙo. "To, yau kuma kafinta ya huda ɗakinsa da kansa."

Labaran ya tsoma moɗa ya sha. Ruwan na nan da sanyinsa, yadda Bilkisu ta bar masa.