Tozo da Kiɗan Birazil

Ni da yayana gadon kalangu muka yi. Ubanmu makaɗin mahauta ne a Dakoro, ubansa ma haka. Ranar kasuwa, tun rana ba ta yi zafi ba, muna tsaye bakin rumfar fawa. Yaya ke riƙe da babban kalangu, shi ke magana da shi. Ni ƙaramin nake bugawa, ina riƙe masa kiɗan kada ya zube. Kowane mahauci da takensa, kiɗan da aka yi wa ubansa da kakansa. Yaya ya san su duka. Ni ban sani ba. A gidanmu ba a koya wa mai ƙaramin kalangu take sai babba ya ga zai ajiye.

Ba ma roƙo da baki. Ka buga wa mutum takensa, ya yanko ya jefa maka a ƙwarya. Wani wuya, wani huhu, wani hanji. Tozo kuwa sarkin fawa kaɗai ke ba da shi, ranar da ya kayar da bijimi. Da wannan naman aka raine mu. Shekarar da fari ya kashe shanu, mahauta suka koma sayar da fatu, na binne ɗiyata ta fari. Na san yunwa. Ba na wasa da ita.

Sarkin fawa ya tsufa, ƙafafunsa suka kumbura, ya bar zuwa kasuwa. Ɗansa da ya daɗe a Kwatano ya dawo ya karɓi rumfar. Ya zo da akwatin kiɗa mai batir, girmansa kamar turmi, da salula cike da mawaƙan Birazil.

Sunan ƙasar a bakin masu kallon ƙwallo na san shi. Ban san suna waƙa ba. Akwai wani saurayi mai fararen haƙora da ke waƙa gaban taron da ya fi kasuwarmu ranar jajiberin salla, mata na ihu suna miƙo hannu. Akwai wata mace mai kauri a murya, tana tsaye bisa babbar mota, bayanta maza baƙaƙe kamar mu da ganguna rataye a ƙugu, sun cika titi. Ba wanda ke jin ko kalma ɗaya. Hakan bai hana komai ba. Kafin damina ta zagayo, yaran da ke yin waƙa a Maraɗi sun ɗauki bugun sun ɗora masa Hausa. Shi ake sawa a biki, shi 'yan kabu-kabu ke yawo da shi. Na ji mata suna daka gero da shi.

Ɗan sarki ya kira Yaya ya nuna masa masu gangunan a salula.

"Baba, dubi makaɗa. Waɗanga, kakanninsu daga wajenmu aka kwashe su a jirgin ruwa."

Yaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hannunsu na da kyau. Amma ba su ce komi ba."

"To kai mi kake cewa?"

"Sunan kakanka."

"Ya mutu, Baba. Ba ya sayen nama."

Mahauta suka kwashe da dariya, har da waɗanda suka girma gaban kakan nasa.

Daga nan akwatin ya zauna a rumfa. In aka kunna shi, kalangunmu kamar sauro yake. Mu buga, ba mai ji. Tsofaffi biyu ko uku ke jefa mana huhu, su ma da kai a sunkuye. Ƙwarya ta riƙa komawa gida ba nauyi, gida biyu ke jiranta.

Ranar da abin ya faru, an kayar da wani jan bijimi daga wajen garin Rumbu, tozonsa har ya karkace don kitse. Ɗan sarki ya yanke shi, ya rataye a ƙugiya inda kowa zai gani, ya kashe akwatin.

"Tsofaffi, ga shi. Wanda ya buga mini na Birazil, nashi ne."

Yaya ya gyara rataya, ya matse tsarkiya a hammata, ya sako taken gidansu yaron. Ban taɓa jin ya buga shi haka ba. Wani tsohon mahauci ya ajiye wuƙa. Ɗan sarki ya tsaya da baki buɗe, ya waiga ya tambayi na kusa da shi, "Wanga na wane ne?"

Bai jira amsa ba. Ya kunna akwatin a kan Yaya.

Ni tun tuni bugun nan ya shiga hannuna, don ba wuya gare shi. Na matsa gaba, na bi akwatin. Ɗan sarki ya kashe shi, ya bar ni ni kaɗai, na ci gaba. Kasuwa ta juyo.

"Ƙugu fa, Baba! Su da ƙugu suke yi!"

Na ba shi ƙugu. Wani ya cire rigar ƙwallonsa mai ruwan ɗorawa ya zura mini bisa taguwata, tana warin zufa. Aka ɗaga salula ta ko'ina ana ɗaukata. Ina da furfura a gemu, ina karkaɗa ɗuwawu gaban masu sayen hanji. Wata mai fura ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da na gama, ɗan sarki ya jefo tozon, ba cikin ƙwarya ba, a ƙasa. Na ɗauka na kaɗe yashi.

Yaya na tsaye inda yake. Da muka kai ƙofar gida, ya tare ni.

"Ƙane, cire rigar nan kafin ka shiga gidan ubanmu."

Na cire. Na raba tozon biyu kamar kullum, na aika masa rabi. Ya dawo da shi.

Ya daina tsayawa tare da ni. Ya ɗauki kalangu ya riƙa bin kasuwannin ƙauye, Birnin Lalle, Ɗan Gulbi, a ƙafa in bai samu amalanke ba. Can ma akwatin ya riga shi. A Ɗan Gulbi yara suka bi shi da salula suna nuna masa ni ina rawa, suna cewa, "Baba, kai ma yi mana irin ta ƙanenka." Shi ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa wa tawa.

Ni ƙwaryata kullum da nauyi take dawowa. In sun gaji da saurayin, su kawo macen, in sun gaji da ita su kawo wani. Duk wanda suka kawo, in saurara, in buga. Har biki aka riƙa kirana, in sa rigar, a yi dariya, a ba ni abinci.

Matar Yaya na zuwa ta bayan gida ta karɓi nama. Tana yanka shi ƙanana ta ɓoye a miyar kuka. Yaya ɗan makaɗin mahauta ne, a harshe ya gane kitsen tozo. Ya ture akushin, ya kira ni.

"Kai ka ba ta?"

"Ni ne."

"Naman rawa."

"Nama ne, Yaya. Ka rame."

"Kak ka sake."

"To koya mini taken, ka huta."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "In ba ka ka sa shi cikin rigar nan?"

Tun ranar bai sake cin miya a gidansa ba, don bai yarda da tukunyar ba. Sai fura da ruwa, wani lokaci gayan tuwo. Damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya same shi ba tsoka a jikinsa. Bai ja ba. Wajen zaman makoki salular wani ta yi ƙara da bugun nan, ya yi ta laluben aljihu bai same ta da wuri ba. Wasu suka rufe baki da hannun riga.

Babban kalangu ya dawo wurina. Na Birazil ya fi daɗi a kansa, muryarsa ta fi zurfi.

Bayan kaka tsohon sarkin fawa ya rasu, aka ba ɗansa sarautar. Ranar naɗi ba a kunna akwati ba. Ya sa babbar riga, ya zauna bisa tabarma, an kayar da bijimi. Ya sa aka kira ni gaban mutane, ya ce in bar rigar ƙwallo a gida.

"Baba, yau na kakana nake so. Wanda yayanka ya buga rannan."

Na ce, "Allah ya ja zamanin sarki."

Na matse tsarkiya. Na ɗauko bugun macen nan mai kaurin murya, na ja shi a hankali, na sa masa nauyi, ina tsayawa inda Yaya kan tsaya. Sabon sarki ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Shi ne," in ji shi. "Wallahi shi ne."

Tsohon mahaucin da ya ajiye wuƙa rannan yana zaune a gefe. Ya dube ni, na dube shi. Ya san ba shi ba ne, amma shi ma rabonsa yake jira, bai buɗe baki ba.

Wannan karon cikin ƙwarya aka sa mini tozon, da hannu biyu. Na kai wa matar Yaya rabi. Ta karɓa.