Motata a Cikin Gonar Dawa

Damina ta yi tsaka ranar da tayar gaba ta fashe mini. Na ɗauko fasinja daga Ƙanƙara zan yi Mairuwa, mun wuce Mabai kaɗan ke nan. Ba gudun hauka nake yi ba, amma wanda ya san hanyoyinmu a 'yan shekarun nan ya san ba mai son jinkiri a daji, fasinja ma su ke cewa direba ƙara wuta. Na ji ƙara, sitiyari ya fizge daga hannuna, motar ta bar titi ta gangara wani tudu, ta wuntsila, ta je ta kife can cikin wata gonar dawa.

Manoman da ke aiki kusa su suka tayar da ita suka zaro mu. Na baya sun ji raunuka, kuma duk sun warke daga baya. Ni haƙarƙari ne ya tsage. Wanda ke zaune kusa da ni a gidan gaba, wani dattijon tela mutumin Sabuwa, shi bai tashi ba. Da na samu sauƙi manyan tasharmu suka raka ni ta'aziyya. 'Yan'uwansa suka shimfiɗa mini tabarma, suka kawo ruwa, suka ce kwana ne ya ƙare, in daina damun kaina. Wallahi da zagina suka yi da na fi samun abin riƙewa. Na dawo gida da haƙurin da suka ba ni, ban san inda zan ajiye shi ba.

Hukuma ta gama tambayoyinta, saura a fito da mota. Ta inda ta faɗa ba ta fituwa, tudun ya yi tsayi. Sai dai babbar mota ta zagayo ta ratsa tsakiyar gonar ta jawo ta. Muka je wurin mai gonar ni da makanikina. Tsoho ne siriri, yana daga cikin waɗanda suka zaro ni. Gidansu asalin Maguzawa ne, yanzu wasu na salla wasu na zuwa coci, duk a gida ɗaya. Ya saurare mu har muka gama, yana duban dawarsa da ta kai ƙugu.

"Wadda mota ta kwantar, ikon Allah ne, ban da magana," in ji shi. "Amma wadda ke tsaye, ba ni iya kallo a taka ta da gangan. Abinci ne. Ka bari a yi girbi, ɗana. Motarka ba mai taɓa ta, ni ke tsaronta."

Makaniki ya fara ɗaga murya, wai mota sai ta ruɓe kafin kaka. Ni kuwa na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin wanda rabona da shi tun ranar hatsarin. Na ce, "Shi ke nan Baba, mun ji." Muka kwance batir da 'yan abubuwan da ɓarawo zai so, muka tafi.

Gaskiyar magana, ba na son motar ta fito. Tun da abin ya faru, ko a motar wani na zauna, da ya ɗan taka mai sai tafin hannuna ya jiƙe, ƙafata ta dama ta kama rawa ita kaɗai. Na sa a raina cewa ƙafar nan ta gama aiki. Ga shi tuƙi kaɗai na iya, ba ni da gonar kirki, ga iyali. In mota ta fito aka gyara, dole ko in shiga in ja ta, ko in tsaya gaban jama'a in ce tsoro nake ji. A tasha kuwa an fi yafe wa direba ganganci a kan tsoro.

Saboda haka na kama taya 'yan kamasho lodi, ina kiran fasinja ina ɗaure kaya, kuma duk wanda ya tambaye ni mota sai in kwashe wa tsohon nan albarka. Taurin kai, rashin tausayi, ya fifita kara a kan ɗan Adam, babu abin da ban faɗa ba. Har abokaina suka fusata suka ce a je a kai ƙararsa wurin mai unguwa. Nan take na zama mai haƙuri, na ce a'a, babba ne, a bar shi da halinsa. Wani ya miƙo mini makullin motarsa ya ce in yi sawu ɗaya in samu na cefane, na ce ni ban saba da motar wani ba. Matata ba ta taɓa tanka mini ba, sai dai na lura in na fara zagin mai gona takan tashi ta shiga ɗaki.

Lokaci-lokaci nakan je in duba motar, don kar a ce ban damu ba. Dawa ta tashi ta rufe ta har ba a hango ta daga titi. Kabewa ta yaɗu ta shiga ta inda gilashin gaba ya fashe, ta kwanta a kan kujerar da telan ya zauna. Nakan tsaya nesa kaɗan in yi masa addu'a. Tsohon yakan zo ya tsaya kusa da ni da fartanya a kafaɗa, mu yi maganar ruwa da tsadar taki. Bai taɓa tambayata yaushe zan koma tuƙi ba. Ni kuma ina duban kan dawa yana fitowa, yana yin ja, yana sunkuyawa. Ina jin a duk ƙasar Ƙanƙara ni kaɗai ne ban yi murnar zuwan kaka ba a shekarar.

Rannan da hantsi saƙo ya iske ni a tasha: mai gona ya ce an yi girbi, in zo in ɗauki kayana. Kowa ya shiga yi mini barka. Ba yadda na iya, na ɗauki makaniki muka tafi da taya da man birki. A hanya ina ta shirya abin da zan ce, cewa sai an nemo babbar mota, kuma neman babbar mota ba abin kwana ɗaya ba ne.

Muka tarar fili fayau, an kwantar da kara, an ɗaure dammuna. Motar na tsaye tsirara a tsakiyar gona, tsatsa ta ci gefenta. Tsohon ya riga ya kawo bijimansa biyu na huɗa, da karkiya a wuya da sarƙa a ƙasa. Makaniki ya sa taya, ya duba birki, aka ɗaura sarƙa. Na ce masa ya shiga ya riƙe sitiyari, ni zan tura ta baya.

"A'a," in ji tsohon. "Da wane haƙarƙari za ka tura? Shi ya tura. Kai shiga ka zamna, mai mota shi ka riƙon motarshi. Shanuna ba su san shan kwana ba."

Na tsaya ina dubansa. Bai dube ni ba, yana ta gyara igiyar hanci. A nan na gane ya daɗe da sani.

Na share busasshen ganyen kabewa na zauna. Sitiyarin ya yi zafi da rana. Ya yi wa shanu magana, sarƙa ta miƙe, motar ta yi ƙara ta motsa. Tafiyar shanu ce, tsohuwa da sanda ma sai ta wuce mu, amma gumi ya jiƙe mini riga. Ban yarda na dubi kujerar gefena ba. Muna hawa kunya muna sauka, ina murza sitiyari da ƙarfi saboda inji ba ya aiki, ina bin bayan tsohon.

Kusa da ƙarshen gonar akwai ɗan gangare zuwa turbar da amalanke ke bi. Ba wanda ya tuna da shi. Sai na ga sarƙa ta saki, motar ta fara tafiya da kanta, ƙafafun bijiman na matsowa kusa da bambar motar.

"Birki, ɗana! Za ka karya mani shanu!"

Ban yi shawara da kowa ba. Ƙafata ta tashi ta sauka inda ta saba, ba da ƙarfi ba, a hankali, tana dannawa tana saki, har sarƙar ta sake miƙewa muka sauka lafiya. Shanun ba su ma waiwayo ba. Da muka tsaya a kan turba sai na kifa goshina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba a asibiti, ban yi ba a Sabuwa. Makaniki ya yi kamar yana duba tayar baya.

Tsohon ya bari sai da na gama, sannan ya leƙo ta taga.

"To, an hita daga gona. In ka gaji sabko, makaniki ya ida kai ta bakin titi."

Na goge fuska da hula.

Na ce, "A'a Baba. Kora su mu tafi."