Badaru da Tukwanen da Kare Ya Lasa

Duk wanda ya zauna a unguwar Sa'alaba ta Jidda a shekarun casa'in ya san Badaru mai wankin mota. Umara ce ta kawo shi daga Gumel, Jidda ta yi masa, ya yi zamansa. Ba mata, ba ɗa, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Dukiyarsa bokiti ce da tsumma, sai wani ja'irin kare mai kunne ɗaya da ya biyo shi daga kasuwar tumaki. Ya raɗa masa suna Kafili, wai tunda ya rasa ubangida a cikin mutane, ga wanda Allah ya ba shi.

To, kare a gidan haya, gidan masu salla? Ran da mai gidanmu Ammu Abdulghani ya ji haushin kare a bayan tankin ruwa, saura kaɗan ya haɗiye asuwakinsa. Haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci.

Ya ce, "Ya Badaru, halas, ka kwashe karenka ku bar mini gida. In ya yi ɓarna wa zai ɗauka? Turawan da ke ajiye karnuka inshora gare su. Taka tana ina?"

Wane kamfani zai yi wa mutum marar takarda inshora, balle karensa? Kuma Kafili ba ya cizo, haƙoran ma sun zube. Laifinsa ɗaya, lasa.

Badaru ya durƙusa. "Ammu, ni ne inshorar. Duk abin da ya sa wa baki a gidan nan zan wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda malamai suka ce."

Ammu ya yarda, da sharaɗin ran da aka kawo ƙara, su biyun za su fita.

Ai kuwa Badaru ya ɗebo ruwan dafa kansa. Zubaidatu mai waina ce ta fara. Shinkafa ta kama mata a gindin tukunya, sai ga ta a ƙofarsa: "Malam Badaru, karenka ya lasa." Ya karɓa ya dirje, tukunya ta fito tas. Kafin wata ya mutu, Kafili ya lashi kaskon Tani, ya lashi farantan sunan jikar Inno, har da tukunyar wata da ke hawa na uku. Ni kuwa ina zaure da keken ɗinkina, ina kallon karen a ɗaure yana sharar barci.

Abin ya ishe ni, na ce wa Badaru, "Wai kai ba ka da baki ne? Karen nan fiffike gare shi?"

Ya yi dariya yana yarfe hannu. "Bar su, Muntaka. A da wa yake ƙwanƙwasa mini ƙofa?"

Na koma kan ɗinkina.

Haka aka yi shekaru, ba a taɓa kai ƙara ko ɗaya ba. Wa zai kai? Da Husaini ɗan Ammu ya karɓi gidan ya ce kare ya fita, matan suka yi masa caa a tsakar gida, ya tafi ya manta takalminsa.

Tsufa ne ya kashe Kafili. Badaru ya kai shi bayan gari ya binne, ya dawo ya ja ƙofa. Bokiti ya bushe, ba mai sallama, don hujjar sallamar ta mutu. Wallahi na tausaya masa, na kuma rasa yadda ake yi wa mutum gaisuwar kare.

Rannan bayan la'asar sai ga Zubaidatu da tukunya a rufe. Ta buga ƙofa.

"Malam Badaru, karenka ya lasa."

Ya leƙo, idanunsa jajur. "Zubaidatu, ai Kafili ya mutu."

"Ni ba na son dogon zance. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa."

Ya karɓa, ya ji nauyi da zafi. Ya ɗaga murfi: tuwon shinkafa ne da miyar taushe.

Ta juya tana gyara mayafi. "Ka kwashe na ciki kafin ka wanke. Gobe ta Tani zai lasa."