Tsohuwar Da Ta Ƙi Sayar Wa Hindatu Abinci

Wata rana Lawwali, wani ɗan Gusau da ke karatu a Koriya ta Kudu, ya dawo masaukinsu a can ya tarar da matarsa Hindatu tana hawaye.

A unguwarsu akwai kasuwa mai yawo. Duk Alhamis motoci su zo su kafa rumfuna a tsakar benayen da suke zaune, kafin isha'i sun naɗe kaya sun yi gaba, sai wani mako.

Hindatu na da juna biyu, kuma kun san kwaɗayin mai ciki ba ya jin lallashi. Ƙamshin wata rumfa ya hana ta sakat. Curin shinkafa ne ake dafawa cikin jan romo mai yaji.

Ta sauka da kuɗinta.

Tsohuwa mai rumfar ta kalli hijabinta, ta kalli tukunya, ta gicciya hannuwa alamar a'a. Ta yi ta bayani da yarensu, Hindatu ko kalma ɗaya ba ta ji.

Mako na gaba ma haka. Tsohuwar ta zuba wa na gaban Hindatu, ta zuba wa na bayanta, ta tsallake ta. Abin da ya sa ta hawaye ke nan.

Lawwali yana jin yaren daidai gwargwado, amma bai sauka ya tambaya ba. Me zai tambaya? Ai ya riga ya yanke hukunci: ga baƙar fata, ga hijabi, magana ta ƙare.

Ya kai ƙara wurin shugaban benayen, har da barazanar duniya za ta ji.

Da Alhamis ta zagayo, babu tsohuwa. Wani ne a wurinta yana sayar da irin abincin, murmushi har kunne, kowa ya zo a zuba masa. Lawwali ya miƙa kuɗi yana hura hanci.

Sai mai kifin da ke rumfar kusa ya riƙe masa hannu.

"Ku ba Musulmi ba ne?"

"Mu ne. Sai aka yi yaya?"

"Hanjin alade ake tsomawa a romon nan. Abin da tsohuwa take ta gaya wa matarka ke nan. Ta ce gara ta rasa ciniki da ta ciyar da mai ciki abin da addininta ya hana."



Lawwali ya tambayi inda tsohuwar take. Aka ce ƙararsa ta sa an ƙwace mata rumfa, ta koma bin wata kasuwar, kuma babu wanda ya san unguwannin da kasuwar ke ci.

Ni abin da ya fi yi mini ciwo, har ya gama karatu yana leƙa kasuwanni. Bai same ta ya ba ta haƙuri ba.

Darasi: Zato zunubi ne. Wani, hanawar da yake yi maka kariya ce, wani kuma da murmushi zai miƙo maka abin da zai cuce ka. Kafin ka kai ƙarar mutum, taka ka tambaye shi.

Tura wa wanda ka san yana saurin yanke hukunci.