Ranar da Faɗuwar Rana Ta Yi Belina

Ban taɓa mantawa da ranar da mutanen Unguwar Marke suka tsare ni wuni guda saboda wani ɗan turke da na kafa a bakin tafkinsu ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana ba ku riski lamarin ba, shi ya sa nake so ku ji shi daga bakina.

Lokacin ina mataki na takwas na albashi, ni ne mai ɗaukar hoto a sashen yaɗa labarai na wani shirin bunƙasa noman rani da ke da ofis a Kankia. Ga wanda bai san aikin ba, ba wani abu ba ne illa bin manya. In za a raba taki ko injin ban ruwa, sai in rataya kyamara in tsaya a gefe, da zarar an miƙa hannu za a yi musabaha sai in danna. Ƙarshen shekara a zaɓi waɗanda hula ta zauna daidai a buga kalanda a raba wa manoma.

Sai aka kawo mana sabon manaja, Alhaji Mamman, mutum mai son raha. Ya kira ni ofishinsa ya nuna min kalandar da ke bango.

"Kabiru, ka ga wannan? Manoma sun gaji da kallon fuskokinmu. Ta baɗi ba na son fuskar kowa a ciki, har tawa. Ka ɗauko min ruwan da suke noma da shi, da safe da yamma, daga sanyi har kaka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa kawai?"

Ya ce, "Ruwa kawai. Shi ba ya cewa a sake ɗauka don bai yi kyau ba."

Tafkin da aka zaɓa yana can ɓangaren Kusada, in ka wuce Bauranya ka saki titi. Na fara zuwa na gai da dagacin da ke bakin hanya, na gaya masa abin da ya kawo ni, ya sa albarka. Daga nan na yi ta zagaya ruwan a kan babur har na sami wani tudu da ya miƙe cikin tafkin kamar harshe. In ka tsaya a bakinsa, da safe ka fuskanci gabas rana ta fito maka ta kan ruwa, da yamma ka juya ta faɗi maka a kan ruwa.

Ƙa'idar irin wannan hoto ita ce tsayawa wuri guda. In kana so mai kallo ya ga yadda shekara ke juyawa, dole ƙafar kyamara, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku, ta koma inda ta tsaya jiya, tsayinta kuma kada ya canja. Don haka na sari itacen kalgo na kafa turke, na shafa wa kansa jan fenti don in riƙa gane shi.

Wannan aiki ya shiga raina fiye da yadda na zata. Da sanyi, ruwan kan yi tururi da sassafe kamar tukunyar da aka buɗe, lambunan albasa da tumatir sun kewaye shi shar. Da bazara sai ya ja baya, laka ta tsattsage, shanu su biyo sawu har tsakiya. Damina na sauka ya dawo ya shanye duk inda ya bari, bado ya baje a kansa, kirinjijiya su cika wurin da kuka. Nakan baro Kankia bayan sallar asuba, in bi burtali in isa tudun, kafin hantsi na koma ofis. Na yamma kuwa ina gamawa nake hawa babur don kada duhu ya same ni a hanya. Ban san cewa tudun ba na dagacin da na gaisar ba ne, na wata unguwa ce da ke bayan itatuwan marke, kuma mutanenta sun daɗe suna hange na daga gonakinsu.

Ranar da abin ya faru a cikin Oktoba ne, ana tsakar cirar gyaɗa. Hoton kaka kaɗai ya rage min, maɗaba'a kuma tana jira. Na kafa ƙafar kyamara, na sunkuya ina leƙawa, rana ta fara ɓullowa ke nan, sai na ji tari a bayana. Na waiwaya na ga maza da gora sun tare hanyar tudun. Na gabansu dogo ne, ya ce sunansa Shu'aibu, shi ne shugaban 'yan sintirin unguwar.

Ya ce, "Malam, sannu da aiki. An gama awon?"

Na ce, "Wane awo?"

Ya nuna turken da gorarsa. "Wanga. Mai unguwa shina son ganinka, da kai da kayan awonka."

Suka sa ni a gaba, ɗaya na tura babur, Shu'aibu ya saɓa ƙafar kyamara a kafaɗa, ya kuma tumɓuke turken ya riƙe a hannu.

Mai unguwa Garba dattijo ne mai fara'a, amma ranar fuskarsa babu wasa. Yana zaune a ƙofar zaurensa tare da limamin unguwar, Malam Isiyaku, wanda ke koyar da karatu yana kuma noman albasa a bakin ruwan. Na durƙusa na gaishe su, na fito da katin aikina. Liman ya karanta ya ce, "Shirin noman rani." Nan take wurin ya ɗauki gunaguni, na gane katin ya ƙara jiƙa min aiki.

Mai unguwa ya yi min bayani a natse. Ya ce sa'ad da aka tare ruwan nan yana yaro, haka aka fara. Wasu mutane suka zo da ƙarfe mai ƙafa uku suna leƙe, suka kakkafa turaku masu jan kai, daga baya gonakin iyayensu suka koma ƙarƙashin ruwa. Yanzu fadamar nan ita ce abincinsu. Tun da suka ga turkena wasu sun fasa zuba taki, wani ma ya fara neman mai sayen lambunsa kafin a karɓe.

Na rantse musu hoto nake ɗauka, na kira Alhaji Mamman a waya na miƙa wa mai unguwa. Ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya mayar min da wayar ya ce, "To ai ko awon ne, haka zai ce."

Na ce bari hotunan su yi magana da kansu. Na kunna kyamara na nuna musu fitowar ranar da na ɗauka da sanyi, ruwa ya koma kamar narkakken zinare, giginya tsaye baƙi wuluk a gefe. Kyamarar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Da ta iso wurin Shu'aibu ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya.

"Baba, wanga ba ruwanmu ba ne. Irin hoton ƙasar waje ne da ake mannawa a shagon aski. Ya zuba su ciki ne don in an kama shi ya nuna."

Na ce, "Rana ce ke rina ruwan. Ga ma giginyarku nan."

Ya ce, "Giginya ko'ina akwai ta. A nan aka haife ni. Ruwanmu ruwan ƙasa ne, yaushe ya zama ja?"

Kowa ya goyi bayansa. Wasu suka ce a kai ni wurin 'yan sanda a Kusada da ni da kayana. Na san in aka yi haka gaskiya za ta fito, amma kyamarar ofis za ta kwana biyu a can, gyaɗa za ta ƙare a gona, kalanda ta wuce lokacinta, mutanen nan kuma ba za su daina tsoro ba.

Malam Isiyaku ne ya raba gardama. Ya ce, "Ba a yanke wa mutum hukunci alhali shaidarsa na tahe. Ya ce rana ce ke rina ruwan. To ranar nan za ta faɗi yau in Allah ya so. Ya zamna da mu, da la'asar sakaliya mu tahi tare ya ɗauka a gabanmu."

Mai unguwa ya ce haka za a yi.

Ban taɓa jin ɗaurarren da aka yi wa gata irin nawa ba. Aka shimfiɗa min tabarma a inuwar marke, aka kawo kunun gyaɗa, ban gama ba ga fura da nono, da azahar ga dambu ya sha zogale da ƙuli. Uwargidan mai unguwa ta aiko cewa ko ɓarawo ne baƙo ne, kada a bar shi da yunwa. Da zama ya ishe ni na matsa wurin masu tsigar gyaɗa na sa hannu, muna yi muna hira, har Shu'aibu ya saki jiki yana tambayata ko ana iya ɗaukar mutum ya fito da ƙiba.

Abu biyu ne suka hana ni sakewa. Yawon da kyamara ta sha da safe ya cinye batir, saura ɗan kaɗan, unguwar kuma babu wuta. Na biyu, tun bayan azahar wani gajimare mai kauri ya taso ya zauna a yamma. Duk mai wannan sana'a ya san ba kullum rana ke faɗuwa da ado ba. Wata ran sai ta shige gajimare salin alin, gari ya yi toka-toka, shi ke nan.

Bayan la'asar muka ɗunguma. Ban zaci za a taru haka ba. Masu lambu suka kashe injinansu, mata suka tsaya daga nesa a kan gaɓa, tudun ya cika har ana dafa juna. Na sa ƙafar kyamara a ramin da aka cire turken, na daidaita, ban kunna ba don tattalin batir. Rana ta shige cikin gajimaren, ruwa ya yi duhu kamar ruwan wanki.

Shu'aibu ya ce, "Malam Kabiru, ina jan?"

Na ce, "A ƙara haƙuri." A zuci kuwa babu addu'ar da ban yi ba.

Abin da na dogara da shi wata 'yar tazara ce tsakanin gindin gajimaren da kan itatuwa, siririya kamar bakin faifai. Muna nan tsaye har wasu sun fara juyawa, sai rana ta zuro ta cikinta. Cikin gajimaren nan ya kama kamar an hura garwashi, jan ya zubo a kan tafkin tun daga can ƙetare har gindin ƙafafunmu. Wani masunci ya ratsa da kwalekwalensa, balbelu suka taso jere za su kwana. Na kunna, na danna, na sake dannawa.

Na ɗago don in miƙa wa mai unguwa, sai na ga babu mai kallona. Duk sun zuba wa yamma ido. Malam Isiyaku yana ta tasbihi a hankali. Sai da na taɓa hannun mai unguwa sannan ya karɓa. Ya dubi kyamara, ya dubi ruwa, ya sake duban kyamara, ya miƙa wa Shu'aibu. Yana cikin kallo batir ya mutu.

Mai unguwa ya ce, "Ka gani ko ba ka gani ba?"

Shu'aibu ya ce, "Na gani, Baba. Namu ne."

Liman ya yi murmushi ya ce, "Ba laihinmu ba ne. Da sahe kanmu na duƙe a kan kwamin albasa, war haka kuma muna alwala, mu ba yamma baya mu fuskanci gabas. Mun tsufa a bakinshi ba mu san haka Allah ke yi mashi ado ba."

A kan tudun muka yi sallar magariba. Da aka sallame mai unguwa ya sa aka yi shela cewa babu mai karɓar gonar kowa, wanda ya fasa zuba taki ya koma ya zuba. Ya ce turke dai ba za a mayar ba, don kada wani baƙo ya gani ya tsorata, amma a mirgino dutse a sa a wurin. Shu'aibu da mutanensa suka raka ni har bakin titi, an ɗaure min buhun gyaɗa a bayan babur.

Washegari na ba Alhaji Mamman labari, ya yi dariya har da hawaye. Hoton nan shi ya hau bangon kalandar. Da aka buga, shi da kansa ya ce mu fara kai wa Unguwar Marke, ya kuma zauna a zauren mai unguwa ya amsa tambayoyin masu lambu ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan shekarar ofis ya mai da shi ƙa'ida, kafin ma'aikaci ya kafa wani abu a bakin ruwa sai ya zauna da masu noma wurin, ba shugaban da ke bakin hanya kaɗai ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu tasowa. Mu a sana'ar nan mukan ce mun ɗauki hoton da babu kowa a ciki, ruwa ne kawai da sama. Babu irin wannan wuri a ƙasarmu. Kowace gaɓa akwai mai ci daga gare ta, yana kuma kallonka ko kai ba ka gan shi ba. In ka neme shi ka zauna da shi, ka sami abokin aiki. Na yi ritaya, gwiwa ba ta barina hawan babur kamar da, amma har yau in kaka ta kama wayata takan yi ƙara da la'asar. In na ɗauka sai in ji Shu'aibu yana cewa, "Malam Kabiru, yau akwai gajimare mai tazara. In ba ka iya zuwa, mu za mu kalla maka."