Orval Tuckett da Goɗiyarsa a Galena Flat

Orval Tuckett ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiwon shanun mutane a jihar Nevada. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya sayi ɗan fili a gindin dutse, ya zauna shi da goɗiyarsa Biskit. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Mu maƙwabta mun san shi da ƙarancin magana da son wake mai yaji.

Da idonsa ya fara dishi-dishi, 'yarsa Jolene ta zo daga birni ta ɗauke makullin motarsa.

"Baba, saura kaɗan ka take mutum. Zan riƙa aiko maka da abinci."

"Na ce miki yunwa nake ji?"

Ranar Lahadi ya ɗaura wa Biskit sirdi, ya bi tsohuwar hanyar keken doki zuwa Galena Flat. Garin masu haƙar azurfa ne a da. Azurfa ta ƙare, saura gidajen katako da baƙi masu zuwa kallo. Ya ɗaure goɗiyar a wani turke da aka bari don ado a ƙofar gidan abincin Delfina Baca.

"Tsoho, ina motar?" in ji Delfina.

"Tana hutawa."

"To wannan sabuwar taka ta zubar min da mai a ƙofa. Ga shebur can."

Ya kwashe kashin, ya wanke hannu, ya ci naman sa da wake da burodin masara. Haka ya riƙa yi duk Lahadi. Baƙi suka ɗauka cikin kayan kallo yake, suna ta ɗaukarsa hoto yana tauna.

Merle Ostrander, shugaban 'yan kasuwar garin, ya same shi a teburinsa da shawara: ya riƙa zuwa kullum da tsakar rana, da jan ƙyalle a wuya da bindigar wasa, abinci kyauta.

"Ni abinci nake zuwa ci, Merle."

"Ai shi za ka ci. Hannu kawai za ka ɗaga wa baƙi."

"Naka ya karye ne?"

Merle ya ɗauko samari da dawakin haya, suka riƙa sukuwa a tsakiyar titi suna harba bindigogi marasa harsashi. Wata Lahadi ƙarar ta firgita Biskit, ta tsinke igiya ta yi bayan gari, likkafa na dukan cikinta. Mutane suka fito da ihu. Orval ko tashi bai yi ba.

"Ba za ka bi ta ba?" in ji Delfina.

"Ta fi ni sanin gida. Ƙaro min kofi."

Da yamma Delfina ta kai shi a motarta, suka tarar da goɗiyar tsaye a bakin shinge, ta ɗan yanke a ƙafa. Shi ya yi mata magani har ta warke. Daga nan ya mai da zuwansa Talata, ranar da titi babu kowa.

Ya ci gaba da hakan har hunturun da hawa sirdi ya gagare shi. Jolene ta tafi da shi birnin Reno, aka kawo Biskit wurina. A can Reno ya rasu da bazara. An maido shi an binne a maƙabartar da ke bayan Galena Flat, cikin kaburburan masu haƙar azurfa.