Kwamfutar da Ta Tashi Ranar Jana'izar Malam Sale

Tun da ɗan Adam ya fara neman wanda zai yi masa aiki yana kwance, bai taɓa samun bara mai biyayya kamar kwamfutar da aka sa wa lokacin tashi ba. Ba ta makara, ba ta zuwa biki, ba ta tambayar dalili. Na yi shekara uku a gidan yari saboda wannan biyayyar, don haka ina da izinin yabonta.

Ni ɗan Gumel ne, na yi karatu daidai gwargwado, har ana kawo mini wasiƙa in gyara. Da na gama difloma sai na samu aiki a wani kamfani mai sayen riɗi da zoborodo, wanda hedikwatarsa take Kano, sitonsa kuma yake Gagarawa. Manajarmu Madam Rifkatu ce, 'yar Filato, mace mai ƙa'ida. Mai kula da sito kuwa Malam Sale ne, dattijo daga Sule Tankarkar, wanda ya yi shekaru yana riƙe da makullai ba a taɓa jin ko mudu ya ɓata a hannunsa ba. Buhu ba ya fita sai saƙon izini ya je wayar maigadi daga kwamfutar Malam, da sunansa.

Kwamfutar tsohuwa ce, kafin ta gama kunnuwa sai mutum ya sha shayi ya wanke kofi. Wata rana na gano cewa akwai wurin da ake shiga a agogonta a ce mata ta tashi da kanta ƙarfe kaza, ta yi aiki kaza, ta koma ta mutu. Wutar sola muke da ita, ba ta yankewa. Na saita ta ƙarfe bakwai da rabi don Malam ya riƙa tarar da ita a shirye. Ya yi ta sa mini albarka, har ya ba ni kalmar sirrinsa, ya ce ai ɗa ba ya cutar uba.

Farkon abin ƙarami ne. Na saita tawa ita ma ta riƙa tashi da sassafe, a Kano su ga ina bakin aiki alhali ina Gumel ina cin ƙosai. Babu wanda ya kama ni, sai na ɗauka basira ce.

Duk Alhamis ana tura ni kasuwar Maigatari sayen kaya. A can na saba da wani direba, Ɗanjuma, mai tsallaka iyaka da lodi. Shi ya ce da ni mai ilimi irina bai kamata ya riƙa hawa acaɓa ba. Ban yi masa musu ba, domin ra'ayina ke nan tun da daɗewa. Malam yakan kashe kwamfutarsa idan zai tafi Azahar, ba ya dawowa sai ya ci abinci. Sai na saita ta ta tashi ƙarfe biyu na ranar Alhamis, ta aika wa maigadi izinin lodi da sunan Malam, ta mutu kafin ya dawo, Ɗanjuma kuma ya zo da motarsa ya kwashi buhuna mu raba kuɗin. A daidai lokacin ni ina Maigatari, a gaban shaidu sun fi ɗari, ina gardamar farashin zoborodo da ƙarfi don a tuna da ni.

Da aka fara ganin giɓi a sito, Madam ta je ta samu Malam ta nuna masa saƙonnin. Ya rantse bai aika ba. Ta ce ta yarda da shi, amma sunansa ne a jiki, kuma Kano ba su san shi ba. Bayan ta fita ya juyo gare ni.

"Ɗana, ka gaya mini gaskiya. Ka taɓa ganin na yi abu na manta?"

Na ce, "Baba, tsufa ne, kowa zai je."

Wannan jumlar ba ta cikin takardar tuhumata, amma ita na fi biya wa a kurkuku.

Wata Alhamis da hantsi, ina hanyar Maigatari, aka kira ni aka ce Malam ya faɗi a bakin sito, rai ya yi halinsa. Madam ta kulle ofis ta sa makullin a jaka, kowa ya bi gawa Sule Tankarkar, aka bar maigadi kaɗai. Sai da na isa ƙofar gidan Malam na tuna abin da ke jiran ƙarfe biyu. Na kira Ɗanjuma, wayarsa ba ta shiga, yana kan layin Nijar. Na yi niyyar zamewa in hau babur in koma ofis, ko da taga zan fasa. Ina juyawa babban ɗan Malam, Habibu, ya riƙe hannuna, ya ce Baba kullum yana ambatona, don haka ni da shi za mu shiga kabari mu karɓe shi. A ƙasarmu ba a ce wa wannan a'a. Wa zai ce yana da uzuri?

Aka idar da Azahar, aka sallaci gawa, aka ɗauki makara. Ƙarfe biyu ta buga ina tsaye cikin rami, kafaɗar Malam a hannuna. A Gagarawa kuwa baiwar Allah ta tashi a kan lokaci, ta gaya wa maigadi cewa Malam Sale ya ba da izinin lodi. Maigadin da ya taimaka aka sa gawar a mota da safe ya karanta, ya dubi Ɗanjuma da motarsa, ya rufe ƙofa da kwaɗo, ya kira Madam.

Wanda aka turo daga Kano bai yi rabin awa ba ya gano saitin. Ɗanjuma kuwa tun kafin a tambaye shi ya ba da sunana har da na unguwarmu. Alƙali ya ce bai taɓa ganin ɓarawon da ya kafa wa kansa shaida da agogo ba. Mahaifiyata ba ta zo kotu ba.

Na fito bara. Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Yanzu ina gyaran waya a wata rumfa a Gumel, masu kawo gyara suna tsayawa a kaina har in gama, ban kuma ga laifinsu ba. Ku matasa masu hannu a na'ura, ku ji daga wanda ya gwada: ranar da kuka iya abin da dattijon ofishinku bai iya ba, ranar aka ba ku amanarsa, ba dama ba. Kada ku karɓi kalmar sirrin kowa. Kada ku sa na'ura ta yi abin da ba za ku iya yi ana kallonku ba. Ƙaramar ƙaryar zuwa aiki ita ce babbar, ba ta dai girma ba tukuna.

Da na fito na je Sule Tankarkar neman gafara, na shirya jawabi mai kyau a hanya. Habibu ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce su nasu sun yafe. Sai dai kwana biyu kafin rasuwar, Baba ya tara su ya bar wasiyya cewa idan ta Allah ta kasance, su je su roƙi Madam ta yafe masa buhunan da ya fitar bai sani ba.

Malam Sale ya rasu yana neman gafarar satar da na yi.